Hawan keke a fararen hanyoyin Tuskani

Fararen hanyoyin Tuskani, waɗanda ake kira strade bianche da Italiyanci, hanyoyin burji ne marasa kwalta da suka ratsa karkarar lardin Siena da kewayensa, a tsakiyar ƙasar Italiya. Da niƙaƙƙen farin dutse ake shimfiɗa su, shi ya sa ake hango su daga nesa fari fat, sun keta gonakin inabi da zaitun da alkama, suna hawa tudu suna gangara kwari. Asalinsu hanyoyin manoma ne da na fatake, amma tun daga ƙarshen shekarun 1990 suka zama cikin wuraren da suka fi shahara a duniya wajen hawan keke a kan tsakuwa. Taron tsofaffin kekuna na L'Eroica, wanda aka fara a 1997, da tseren ƙwararru na Strade Bianche, wanda aka fara a 2007, su ne suka fito da sunan hanyoyin. Wannan shahara ta sauya darajarsu. A da ana kallon su a matsayin alamar koma-baya, ana jiran ranar da za a zuba musu kwalta. A yau ana lissafa su cikin kayan gadon yankin.

Yanayin ƙasa

Hanyoyin sun fi yawa a yankuna uku da ke maƙwabtaka da birnin Siena. Na farko shi ne Chianti, a arewa, tsakanin Siena da Florence. Ƙasa ce mai duwatsu da dazuzzuka da gonakin inabi, kuma hawanta yana da tsawo. Garin Radda, alal misali, yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 500 daga matakin teku.

Na biyu shi ne Crete Senesi, a kudu maso gabashin Siena. Kalmar crete tana nufin yumɓu. Ƙasar wurin laka ce mai launin toka wadda wani tsohon teku ya bari miliyoyin shekaru da suka wuce. Itatuwa ba su da yawa, tuddai kuma suna bin juna kamar raƙuman ruwa. Zaizayar ƙasa ta haƙa kwazazzabai a wasu wuraren, ta bar fararen dunƙulen laka a wasu. Mai keke a nan ba ya samun inuwa, kuma iska tana dukansa kai tsaye.

Na uku shi ne Val d'Orcia, wato kwarin kogin Orcia, can kudu. A nan ne ake yawan ganin gidan gona shi kaɗai a kan tudu, da layin dogayen itatuwan da ake kira cipresso a gefen hanyar da ta nufe shi. Hukumar UNESCO ta sanya kwarin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2004.

A duk yankunan uku da wuya a yi tafiya mai nisa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Babu dogayen tsaunuka irin na arewacin Italiya, amma gajerun hawa masu tsauri suna maimaituwa har su tara gajiya. Ana auna tsaurin hawa da kaso: idan aka ce kashi 15 cikin 100, ana nufin hanya tana tashi mita 15 a duk tafiyar mita 100. Irin wannan hawa ba baƙon abu ba ne a fararen hanyoyin.

Asalin hanyoyin

Babbar tsohuwar hanya da ta ratsa yankin ita ce Via Francigena, wadda Kiristoci masu ziyarar ibada da 'yan kasuwa ke bi daga arewacin Turai zuwa Roma. Wajen shekara ta 990, Sigeric, babban limamin cocin Canterbury a Ingila, ya bi ta a hanyarsa ta komawa gida daga Roma, aka kuma rubuta zango 79 da ya yada kafin ya kai gaɓar tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila. Siena da San Gimignano da San Quirico d'Orcia suna cikin waɗannan zangon. Arzikin Siena a ƙarni na 12 da na 13 ya dogara sosai ga wannan hanya. Wani zanen bango da Ambrogio Lorenzetti ya yi a 1338 zuwa 1339 a fadar mulkin Siena yana nuna manoma da dabbobin kaya suna kai da komo a kan hanyoyin karkara, a matsayin alamar mulkin adalci.

Yawancin ƙananan hanyoyin kuwa tsarin noma ne ya haife su. Tsawon ƙarnoni ana noma a Tuskani bisa tsarin mezzadria, wato noma-mu-raba: mai ƙasa ya ba da gona da gida, iyalin manomi su ba da ƙarfinsu, a raba amfani biyu. Kowane iyali yana zaune ne a tsakiyar gonarsa, wadda ake kira podere, ba a cikin gari ba. Saboda haka kowane gida yana buƙatar hanyar da za ta haɗa shi da babban gidan mai ƙasa, da coci, da injin niƙa, da kasuwa. Wannan ne ya sa hanyoyin suka yi yawa, suka kuma sarƙe da juna.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsarin ya rushe. A shekarun 1950 da 1960 iyalai da dama suka bar gonaki suka koma aikin masana'antu a garuruwa irin su Florence da Prato da Poggibonsi. A 1964 doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar noma-mu-raba. A wannan shekarar kuma aka kammala babbar hanyar mota ta Autostrada del Sole, wadda ta haɗa Milan da Napoli, ta bi ta ɓangaren Arezzo ta bar Siena a gefe. Lokacin da sauran sassan Italiya ke ta zuba kwalta, karkarar Siena ta rasa mutane da zirga-zirga, babu dalilin kashe kuɗi a kan hanyar da ke zuwa kangon gida. Ƙaurar manoma ce ta sa hanyoyi da yawa suka tsira a yadda suke, kuma ita ce ta sa har yau motoci ba su da yawa a kansu.

Garuruwa da ƙauyukan tarihi

Tazarar da ke tsakanin garuruwan yankin gajera ce, don haka mai keke yakan ratsa da dama a yini guda. Yawancinsu an gina su ne a kan tudu da ganuwa, saboda yaƙe-yaƙen da aka daɗe ana yi tsakanin Siena da Florence.

Gaiole, Radda da Castellina su ne garuruwa uku na tsohon ƙawancen Chianti, wanda tambarinsa baƙin zakara ne. Kusa da Gaiole akwai fadar Brolio ta iyalin Ricasoli. Daga wannan gida Bettino Ricasoli ya fito, wanda ya zama firaministan Italiya na biyu a 1861. Tun a 1716 mai mulkin Tuskani, Cosimo na III na gidan Medici, ya shata iyakar yankin da barasar inabinsa za ta iya amsa sunan Chianti.

Monteriggioni ƙaramin gari ne da mutanen Siena suka gina tsakanin 1214 da 1219 don tsaron iyakarsu ta arewa. Ganuwarsa mai hasumiya 14 tana nan tsaye. Buonconvento yana kan Via Francigena a kudancin Siena, kuma a can ne sarkin daular Jamus da Roma, Henry na VII, ya rasu a 1313. A wannan shekarar ce Bernardo Tolomei ya kafa tushen gidan ruhubanawa na Monte Oliveto Maggiore, a yankin Asciano.

Montalcino yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 560. Bayan Siena ta faɗi a 1555, ragowar masu mulkinta sun fake a can har zuwa 1559. Pienza kuwa ƙauye ne da a da ake kira Corsignano, mahaifar Fafaroma Pius na II, wanda ya sa maginin nan Bernardo Rossellino ya sake fasalinsa daga 1459. An san garin da cukun madarar tumaki. UNESCO ta amince da San Gimignano a 1990, tsohon birnin Siena a 1995, Pienza kuma a 1996.

L'Eroica

Giancarlo Brocci, ɗan asalin Gaiole, shi ne ya ƙirƙiro L'Eroica. Ma'anar sunan ita ce "ta jarumai". An yi na farko a watan Oktoba na 1997 da mahaya 92. Manufarsa biyu ce. Ta farko ita ce tunawa da zamanin tseren keke na su Gino Bartali da Fausto Coppi, lokacin da ake gasa a kan ƙura da laka. Bartali, wanda aka haifa kusa da Florence a 1914, ya lashe Tour de France a 1938 da 1948. Manufa ta biyu ita ce kare ragowar fararen hanyoyin daga kwalta, ta hanyar nuna cewa suna iya jawo baƙi da kuɗi.

Ana yin taron ne a ƙarshen mako na farkon Oktoba, ana tashi daga Gaiole a kuma dawo can. Ba tsere ba ne na wanda ya riga isa. Kowane mahayi yana ɗauke da kati da ake buga wa hatimi a tashoshin hanya, abin da ake nema shi ne a kammala. Dokar keke tana da tsauri: sai keken tsere na ƙarfe da aka ƙera a 1987 ko kafin nan, ko sabo da aka yi a kan wannan tsohon fasali. Maɓallin canja giya dole ya kasance a jikin sandar keke ta ƙasa, wayoyin birki su fito fili a saman kan keke, feda kuma ta zama mai kejin ƙafa da maɗauri. Mahaya suna sa rigunan ulu irin na da. A wuraren hutu ana ba su abincin gargajiya na Tuskani, kamar ribollita, wato miyar wake da ganye da burodi.

Akwai gajeru da dogayen zagaye. Mafi tsawo kilomita 209 ne, kusan rabinsa burji, kuma jimillar hawansa ta haura mita 3,500. Masu yin sa suna tashi tun kafin asuba da fitila, suna haura hanyar fadar Brolio da ake haskawa da kyandira. Daga nan zagayen ya bi ta gefen Siena zuwa Murlo, Montalcino, Buonconvento, Asciano, Castelnuovo Berardenga da Radda. An kafa wa wannan zagaye allunan nuni na dindindin, don haka kowa yana iya bin sa a kowane lokaci na shekara da irin keken da ya ga dama, a yini ɗaya ko a kwanaki. Masu halartar taron yanzu sun kai dubbai daga ƙasashe da yawa. Akwai kuma Nova Eroica da ake yi a Buonconvento don masu kekunan zamani.

Tseren Strade Bianche

Nasarar L'Eroica ta sa aka shirya tseren ƙwararru a kan hanyoyin. An yi na farko a watan Oktoba na 2007 da sunan Monte Paschi Eroica, saboda bankin Monte dei Paschi na Siena ne ya ɗauki nauyinsa. Alexandr Kolobnev na Rasha ne ya lashe. Daga 2008 aka mayar da shi farkon watan Maris. Kamfanin RCS Sport, mai shirya Giro d'Italia, shi ke gudanar da shi, kuma a 2017 ya shiga rukunin WorldTour, matakin ƙoli na gasannin hukumar tseren keke ta duniya, UCI.

Shekaru da dama tsawon tseren maza kilomita 184 ne, daga ciki kimanin 63 burji ne da aka raba kashi 11. A 2024 aka ƙara shi zuwa kilomita 215. Sashen da ya fi suna shi ne Monte Sante Marie, mai tsawon kilomita 11.5, wanda ke farawa kusa da Asciano. Kusa da ƙarshe akwai Colle Pinzuto da Le Tolfe, inda hawan ke kaiwa kashi 18 cikin 100. Ana shiga tsohon birnin Siena ta titin Santa Caterina mai tsaurin kashi 16, a ƙare a dandalin Piazza del Campo, inda ake sukuwar dawaki ta Palio ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta.

Fabian Cancellara na Suwizalan ya ci tseren a 2008, 2012 da 2016, aka kuma sa wa sashen Monte Sante Marie sunansa. Michał Kwiatkowski na Poland ya ci a 2014 da 2017. Tadej Pogačar na Sloveniya ya ci a 2022, 2024 da 2025. A 2024 ya tsere wa sauran ne tun saura kilomita 81, ya ƙarasa shi kaɗai. Moreno Moser ɗan Italiya ya ci a 2013. An fara tseren mata a 2015, Megan Guarnier ta Amurka ta lashe. Annemiek van Vleuten ta Holan ta ci a 2019 da 2020, Lotte Kopecky ta Beljiyam a 2022 da 2024, Demi Vollering ta Holan a 2023 da 2025.

Yanayi yana sauya tseren ƙwarai. A 2018 ruwan sama ya mayar da hanyar laka, Tiesj Benoot na Beljiyam ya isa Siena fuskarsa duk taɓo. A 2020 annobar korona ta sa aka ɗage shi zuwa 1 ga Agusta, aka yi shi cikin zafi da ƙura, Wout van Aert ya ci. Gasar Giro d'Italia ma ta sha bi ta hanyoyin. A 2010 Cadel Evans na Ostareliya ya lashe zangon da ya ƙare a Montalcino cikin ruwa da laka.

Keken burji

Ƙwararru suna yin Strade Bianche ne da keken tsere na kan kwalta, sai dai su ƙara faɗin taya. Yawancin masu yawon buɗe ido kuwa suna amfani da keken burji, wanda kamfanoni ke sayarwa da sunan gravel. Kansa lanƙwasasshe ne kamar na keken tsere, amma tayarsa ta fi faɗi, galibi milimita 38 zuwa 50, yayin da ta keken tsere take tsakanin 25 da 32. Ana rage mata iska domin ta kama ƙasa ta kuma shanye girgiza. Da yawa ba su da tib a ciki, sai wani ruwa mai danƙo da ke toshe ƙaramin huji da kansa. Birkinsa na faifai ne, wanda ke kamawa ko da laka. Tazarar ƙafafunsa biyu ta fi tsawo don kada ya riƙa rawa a gangara, kuma yana da giya mai sauƙi ta hawan tudu. Ana iya ɗaura masa jakunkuna don tafiyar kwanaki, irin ta taron Tuscany Trail da aka fara a 2014.

Hawa kan tsakuwa yana da nasa ƙa'idoji. A hawa mai tsauri mahayi yana zama ne a kan sirdi, domin idan ya miƙe tayar baya takan zame. A gangara yana mayar da nauyinsa baya, ya taka birki kafin kwana, ya guji tarin tsakuwar da motoci ke turawa gefen hanya. Inda hanya ta yi gargada, riƙe kan keke da ƙarfi yana ƙara gajiyar hannu.

Lokaci da abubuwan kiyayewa

Watannin Afrilu zuwa Yuni da Satumba zuwa Oktoba sun fi dacewa. A Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 35, ga ƙura, ga rashin inuwa a Crete Senesi. Da hunturu kuma, ko bayan ruwa mai yawa, yumɓu yana manne wa taya har ta daina juyawa.

Hanyoyin a buɗe suke ga motoci, kuma a Italiya ana tuƙi ne ta hannun dama. Lokacin girbin inabi a Satumba da Oktoba, da na zaitun da ke biye, taraktoci suna yawaita. Aladun daji da barewa sukan ratsa hanya da asuba da magariba. A wuraren kiwon tumaki, wanda makiyaya daga tsibirin Sardiniya suka faɗaɗa bayan sun ƙaura zuwa yankin a shekarun 1960, akwai manyan fararen karnuka masu gadin garke. Wasu hanyoyin suna shiga gonakin mutane, ba kowace ce ta jama'a ba. Galibin ƙauyuka suna da famfon ruwan sha, amma tsakaninsu akan yi tafiya mai nisa babu shago. Lambar kiran gaggawa ita ce 112. Jiragen ƙasa na yanki suna haɗa Siena da Buonconvento da Asciano.

Batun kwalta

Kula da hanyar burji aiki ne da ba ya ƙarewa. Ruwan sama yana kwashe tsakuwa ya haƙa ramuka, sai an dawo da gireda an baje an zuba sabon dutse. Wasu hanyoyin na ƙananan hukumomi ne. Wasu kuma, waɗanda ake kira strade vicinali, masu filayen da ke gefensu ne ke ɗaukar nauyinsu, hukuma ta taimaka idan jama'a na bi. Ga wanda ke zaune a bakin hanya, burji yana nufin ƙura a cikin gida da kan amfanin gona, da lalacewar mota, da jinkiri idan ana buƙatar motar asibiti. Saboda haka buƙatar kwalta tana da dalilinta.

A ɗaya ɓangaren kuma, tattalin arzikin karkarar ya koma kan baƙi. A 1985 Italiya ta yi dokar da ta tsara saukar da baƙi a gidajen gona, abin da ake kira agriturismo, kuma gidaje da yawa da manoma suka bari an gyara su sun zama masauki. Masu keke suna zuwa a watannin da sauran baƙi suka yi ƙaranci, suna kwana a ƙananan garuruwa, suna ci suna saye a can. Abin da ya kawo su shi ne hanya marar kwalta da ƙarancin motoci. Duk sashen da aka zuba wa kwalta ya fita daga wannan lissafi, motoci kuma sukan ƙara gudu a kansa. Wannan ita ce hujjar da Brocci ya kafa L'Eroica a kanta, kuma ta sa ƙananan hukumomi da dama suna tallata fararen hanyoyinsu kamar yadda suke tallata ganuwa da coci-coci.

Tasiri a wasu wurare

Hawan keke a hanyar da ba kwalta ya girmi L'Eroica. A Birtaniya an kafa ƙungiyar Rough Stuff Fellowship tun 1955. A Amurka, tseren da yanzu ake kira Unbound Gravel ya fara a garin Emporia na jihar Kansas a 2006 da mahaya 34, a kan tazarar mil 200. Gudummawar Tuskani ita ce haɗa wasan da tarihi da abinci da kiyaye karkara. An kwaikwayi L'Eroica a ƙasashe irin su Japan, Birtaniya, Sifaniya, Amurka da Afirka ta Kudu. A 2022 hukumar UCI ta shirya gasar duniya ta farko ta keken burji a yankin Veneto na arewacin Italiya, inda Gianni Vermeersch na Beljiyam ya lashe ɓangaren maza, Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa ta lashe na mata.